FILIN WASANNI: Ernie Davis Da Rigar Da Ba A Sa Ba

A birnin Cleveland na ƙasar Amurka akwai wani babban kulob na ƙwallo mai suna Browns, wanda ya jingine riga mai lamba 45, ya ce har abada ba wani ɗan wasansa da zai sake sa ta. Irin wannan girmamawa akan yi ta ne ga tsohon ɗan wasa wanda ya shekara goma ko fiye yana zubar da gumi saboda kulob. Amma mai wannan riga bai taɓa buga wa Browns wasa ba, ko da na minti ɗaya. Sunansa Ernie Davis, ya kuwa rasu ran 18 ga watan Mayu na 1963, yana da shekara 23 da haihuwa. Duk sunan da ya yi, a jami'a ya yi shi, cikin shekara uku kacal, yana ɗalibi, ba shi da albashin ko anini. Labarinsa ne wannan fili ya kawo wa masu karatu a wannan mako.

Kafin a shiga labarin ya kamata mai karatu ya san irin ƙwallon da ake magana a kai, domin ba irin wanda ake bugawa a Kano ko Ikko ba ne. Su Amurkawa da hannu suke yin yawancin nasu wasan, ko da yake ƙwallon ƙafa suke kiransa. Ƙwallon kansa ba kewayayye ba ne, ya fi kama da gwanda mai tsini baki biyu. Mutum 11 ne a kowane gefe, kowa da hular kwano a ka da matasai a kafaɗa. Filin kuwa yadi 100 ne daga layin ƙarshe na wannan gefe zuwa na wancan, yadi dai irin wanda 'yan kasuwa ke auna atamfa da shi. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo akan ba ta dama huɗu ta matsa gaba da yadi 10; in ta samu a sabunta mata, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda duk ya ƙetare layin ƙarshe da ƙwallo a hannunsa ya samo wa ƙungiyarsa maki 6. Aikin Davis shi ne a miƙa masa ƙwallo ya rungume, ya kutsa cikin ƙarti 11 waɗanda ba su da wani buri sai su maka shi da ƙasa. Saboda haka da yadi ake auna darajar irinsu. Wanda ke cin yadi 4 duk sa'ad da aka ba shi ƙwallo ya biya, mai cin 5 kuwa gwani ne.

Sa'an nan kuma a can, wasan jami'o'i ba wasan yara ba ne. Tun 1869 aka fara shi, watau ya girme babbar gasar ƙwararru ta NFL da shekara 51. Kowace Asabar a lokacin kaka dubban mutane kan cika filayen manyan jami'o'i, kuɗin ƙofa da na rediyo da talabijin su shiga asusun makaranta. Shi ɗalibin da ake karya wa ƙashi a fili, rabonsa a zamanin Davis bai wuce karatu kyauta da ɗakin kwana da abinci ba. Sai a 2021 aka yarda wa ɗalibai su sami kuɗi da sunansu da hotonsu.

An haifi Davis ran 14 ga watan Disamba na 1939 a New Salem, cikin Jihar Pennsylvania. A hannun kakanninsa ya tashi, a Uniontown, garin mahaƙan kwal, cikin gida mai yawan baki da ƙarancin abin hannu. Yana yaro yana da i'ina, wadda sai da ya yi fama kafin ya shawo kanta, masu ba da tarihinsa kuwa sukan danganta ƙarancin maganarsa da wannan. Da ya kai shekara 12 ya koma wurin mahaifiyarsa a Elmira, wani ƙaramin gari a Jihar New York. A makarantar sakandare ta Elmira Free Academy ya yi fice a ƙwallon kwando kamar yadda ya yi a wannan ƙwallo, har jami'o'i masu yawa suka yi ta aiko da wakilai suna zawarcinsa. Wadda ta yi nasara ita ce Jami'ar Syracuse, ta kuwa yi nasara ne domin ta aiko da mutumin da yaron ba zai iya ce wa a'a ba, watau Jim Brown.

To, a nan dole a dakata a kan Jim Brown, don ba za a fahimci abin da Davis ya samu ba sai an san abin da aka hana wa Brown.

Akwai wata kyauta da ake kira Heisman, mutum-mutumin tagulla na ɗan wasa riƙe da ƙwallo, wadda wani kulob na birnin New York ya fara bayarwa a 1935 ga ɗalibin da ya fi kowa iya wasa a shekara. A wancan zamani 'yan jaridar wasanni na ƙasar su ne masu jefa ƙuri'a. A 1956 Brown, baƙar fata, shi ne dodon Syracuse. A wasa ɗaya da Jami'ar Colgate shi kaɗai ya ci maki 43. Da aka ƙirga ƙuri'u sai ga shi na biyar. Wanda aka ba kyautar, Paul Hornung na Notre Dame, ƙungiyarsa wasa 2 ta ci, ta sha kashi 8. Ba wanda ke musun cewa Hornung gwani ne, amma dai abin ya ba mutane da yawa mamaki, wasu kuma bai ba su ba, domin sun san ƙasarsu. Shekara biyar kafin nan, a 1951, an yi wa wani baƙar fata mai suna Johnny Bright na Jami'ar Drake abin da ya fi haka muni. Yana kan gaba a ƙasar wajen cin yadi sa'ad da wani ɗan wasan Oklahoma A&M ya yi ta kai masa duka a fuska bayan ƙwallo ya bar hannunsa, har ya karya masa muƙamuƙi, alƙalan wasa ba su ce uffan ba. Hotunan da wata jarida ta ɗauka na wannan aika-aika sun ci lambar Pulitzer, shi kuwa Bright ya ƙare a na biyar, daga baya ya tattara ya koma Kanada da wasa.

Wannan ita ce hanyar da Davis ya tarar sa'ad da ya isa Syracuse a 1958. Mai horar da 'yan wasa, Ben Schwartzwalder, tsohon sojan laima na Yaƙin Duniya na Biyu, ya miƙa masa riga mai lamba 44, wadda Brown ya cire. Dokar wancan zamani ta hana ɗan ajin farko shiga babbar ƙungiya, saboda haka sai a 1959 aka fara ganinsa sosai.

Kai, shekarar 1959 ta Syracuse ce! Wasa 10 suka yi a kakar, suka cinye duka, suka tara maki 390, abokan karawarsu gaba ɗaya suka tashi da 59. Davis, mai tsawon ƙafa 6 da inci 2, ya ci yadi 686 cikin ɗauka 98, watau yadi 7 a kowace ɗauka. Ga ƙarfi ga gudu, in ya ga dama ya bangaje mutum, in ya ga dama ya kauce masa. Ba kuma nan aikinsa ya tsaya ba, domin a lokacin ba a yawan canja 'yan wasa kamar yanzu. In ƙwallo ya koma hannun abokan gaba, shi ɗin dai zai juya ya zama mai tsaron baya. Aka naɗa Syracuse zakaran ƙasa, aka gayyace ta birnin Dallas domin wasan Cotton Bowl da Jami'ar Texas ran 1 ga watan Janairu na 1960.

Dallas kudu ce, kudu kuwa a lokacin tana ƙarƙashin dokokin wariya. Ƙungiyar Texas ba ta da baƙar fata ko ɗaya, ba ta kuma sa baƙar fata a babbar ƙungiyarta ba sai 1970. Syracuse ta zo da uku: Davis da Art Baker da John Brown. Davis ya shiga fili da ciwo a jijiyar cinya wanda ya samu wajen atisaye, amma tun a mintocin farko abokin wasansa Gerhard Schwedes ya jefa masa ƙwallo, ya cafe, ya sheƙa har layin ƙarshe, jimlar yadi 87. Ya sake ƙetare layin karo na biyu, ya kuma tare wata jifa ta 'yan Texas. Gab da hutun rabin lokaci dambe ya kaure a tsakiyar fili, 'yan Syracuse suka ce zagin launin fata da aka yi wa John Brown ne ya jawo shi. Aka tashi Syracuse na da 23, Texas na da 14, aka zaɓi Davis gwarzon wasan. Da dare aka shirya liyafa. Aka ci abinci, aka raba kyaututtuka, da lokacin rawa ya yi sai aka nuna wa baƙaƙen nan uku ƙofa, har da gwarzon da aka gama yi wa tafi.

A 2008 an yi fim a kan rayuwar Davis mai suna The Express. Masu fim ɗin sun ƙirƙiro wani wasa a West Virginia inda 'yan kallo ke jifa da zagi, alhali wasan da aka yi da wannan jami'a a 1959 a Syracuse aka yi shi, tsofaffin abokan wasansa ma sun fito sun ƙaryata. Abin da ya sa suka wahalar da kansu da ƙage, bayan ga Dallas a hannunsu, su kaɗai suka sani.

Shekara biyu da suka biyo baya ƙungiyar ta ɗan ja da baya, amma shi bai ja ba. Ya ci yadi 877 a 1960, ya ci 823 a 1961. Jimla yadi 2,386 ke nan cikin ɗauka 360, da maki 220, ya shafe tarihin da Jim Brown ya kafa a jami'ar. Wasansa na ƙarshe shi ne Liberty Bowl a Philadelphia, a watan Disamba na 1961, inda Jami'ar Miami ke gaba da 14 da nema a hutun rabin lokaci, aka dawo Davis ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗarsa, suka ci 15 da 14. Duk wasannin da ya yi wa jami'a kimanin 30 ne. A kansu sunansa ya tsaya har yau.

A ƙuri'ar Heisman ta 1961 Davis ya sami maki 824, Bob Ferguson na Jami'ar Jihar Ohio ya biyo shi da 771. Mutum 26 suka karɓi kyautar kafin shi, dukansu farar fata. Abin lura a nan, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne Ferguson ma baƙar fata ne, haka nan Sandy Stephens na Minnesota da ya zo na huɗu. Watau a wannan shekara masu ƙuri'a ko ta ina suka juya sai sun yi karo da abin da suka daɗe suna kauce wa. Shekarar ce kuwa matasa, baƙi da farare, suka shiga motocin safa suka nufi jihohin kudu don ƙalubalantar wariya a tashoshi, aka ƙona wata motarsu a Alabama. Sa'ad da Davis ya je New York karɓar kyautar, Shugaba John Kennedy yana birnin, ya aika aka kira shi otal ɗin Waldorf-Astoria, suka gaisa, aka ɗauki hoto.

Daga nan sai batun ƙwararru. A tsarin NFL, kulob ɗin da ya fi kowa rauni shi ke fara zaɓe cikin ɗaliban da suka gama, a 1961 kuwa kulob ɗin Washington ne, wanda a lokacin ake kira Redskins, mai wasa ɗaya tak da ya ci cikin 14. Mai shi, George Preston Marshall, shi kaɗai ya rage a gasar da bai taɓa ɗaukar baƙar fata ba, yana kuma alfahari da haka. Amma sabon filin da kulob ɗin ke wasa a kan ƙasar Gwamnatin Tarayya aka gina shi, Sakataren Harkokin Cikin Gida Stewart Udall kuwa ya ja masa kunne: ko ya ɗauki baƙar fata, ko ya nemi wani fili. Ran 4 ga watan Disamba na 1961 Marshall ya zaɓi Davis, na ɗaya a duk ƙasar, sa'an nan ya yi musaya da shi. Cleveland ta karɓi Davis, ta ba da Bobby Mitchell da wani sabon ɗan wasa Leroy Jackson, su ma baƙar fata. Mitchell ya je Washington a 1962 ya fi kowa a gasar cafe ƙwallo. Davis kuma ya sa hannu a kwangilar shekara uku ta dala 80,000, wadda ba a taɓa ba sabon ɗan wasa irinta ba. Mutanen Cleveland suka fara lissafi, domin Jim Brown na nan a kulob ɗin. Brown a nan, Davis a can, wa zai tare su?

Ba a taɓa ganin wannan ba. A watan Yuni na 1962 Davis ya karɓi digirinsa na ilmin tattalin arziki. A watan Yuli, yana sansanin zaɓaɓɓun ɗalibai kusa da Chicago, inda suke shirin karawa da zakarun ƙwararru na Green Bay, ya wayi gari wuyansa ya kumbura. Da farko an zaci hangum ne. Da aka auna jininsa sai likitoci suka tarar sankarar jini ce, mai saurin ci, wadda a wancan zamani ba ta da magani. An gaya wa jama'a cewa wata cuta ce ta jini, shi kansa ba a gaya masa sunanta ba sai watan Oktoba. A watan Agusta, kafin wani wasan share fage a filin Cleveland, aka kira sunansa, ya fito cikin hasken fitila, dubban 'yan kallo suka miƙe suna tafi. Fitowarsa ke nan ta farko da ta ƙarshe a wannan fili.

Da kaka ta yi cutar ta lafa, har ya koma atisaye da wasan ƙwallon kwando. Nan gardama ta tashi tsakanin mai kulob, Art Modell, wanda ke so a bar shi ya shiga fili ko sau ɗaya, da mai horarwa Paul Brown, wanda ya ce ba zai sa mai irin wannan cuta cikin wasan bangaza ba. Modell na kallon burin yaro, Brown na kallon jikinsa, kuma da wuya a ce Brown bai fi gaskiya ba. Dama akwai jiƙaƙƙa tsakaninsu a kan wa ke da iko da kulob, a watan Janairu na 1963 Modell ya sallami Brown. A watan Maris wata mujalla, Saturday Evening Post, ta buga bayanin Davis inda ya nuna cewa bai ɗauki kansa marar sa'a ba, in aka dubi abin da ya samu cikin 'yan shekarunsa. An ruwaito cewa kafin ya shiga asibiti karo na ƙarshe ya biya ofishin Modell ya ba shi haƙuri saboda kuɗin magani da kulob ke kashewa. Kwana biyu bayan an kwantar da shi ya cika. Mako biyu kafin nan 'yan sandan Birmingham suka saki karnuka da ruwan kashe gobara a kan 'yan makaranta baƙar fata masu zanga-zanga. Dubban mutane suka halarci jana'izarsa a Elmira, aka karanta saƙon Shugaba Kennedy, aka binne shi a maƙabartar Woodlawn, inda marubuci Mark Twain yake kwance.

Duk wanda ya san Davis ya shaide shi da ladabi da haƙuri da sakin fuska, ba kuwa dalilin shakkar wannan shaida. Amma akwai abin dubawa cikin yadda Amurka ta riƙe labarinsa. Jim Brown mutum ne mai faɗar abin da ke ransa, wanda ya shiga Syracuse ba tare da an ba shi karatu kyauta ba tun farko, wasu mutanen garinsu ne suka haɗa masa kuɗi, bai kuma taɓa ɓoye ɓacin ransa ba. Davis kuwa shiru-shiru ne, a Dallas ma bai ta da jijiyar wuya ba. Masu ƙuri'a sun ga na farko sun sa shi na biyar, sun ga na biyu sun sa shi na ɗaya. Yadi 2,386 sun isa hujja, ba wanda ya yi wa Davis alfarma. Sai dai yawan yabon haƙurinsa da aka riƙa yi bayan rasuwarsa yana da daɗi ƙwarai ga waɗanda haƙurin ya sauƙaƙa wa al'amura, domin mamacin da bai taɓa ƙorafi ba, ba ya tuhumar kowa.

Shaidar cewa kyautar ba ta gyara gidan ba ta fito ne daga Syracuse ɗin kanta. A 1970, shekara tara bayan Heisman ɗin Davis, 'yan wasa tara baƙar fata suka ƙaurace wa atisaye ƙarƙashin Schwartzwalder ɗin nan dai. Abin da suka nema bai taka kara ya karya ba: a ɗauki baƙar fata cikin mataimakan mai horarwa, a kula da lafiyarsu da karatunsu daidai da na sauran, a sa mutum a fili bisa ga iyawarsa. Sun rasa kakar wasan, yawancinsu kuma wasansu ke nan. Wani kwamitin jami'ar ya tabbatar a ƙarshen shekarar cewa akwai wariya a sashen wasanni, amma sai a 2006 jami'ar ta tara su ta nemi gafararsu a bainar jama'a.

Ita kuwa riga mai lamba 44, Davis da kansa ya nemo mata magaji. A ƙarshen 1962, yana cikin ciwo, ya bi Schwartzwalder zuwa New Haven wurin wani yaro mai suna Floyd Little, wanda makarantar sojoji ta West Point da Notre Dame ke zawarci. Little ya ce masa zai zo Syracuse, ko da yake daga baya ya amsa cewa a lokacin zuciyarsa ba ta gama tsayawa ba. Ran da ya ji labarin rasuwar Davis ya tuna ya ba mutum kalmarsa. Ya sa rigar daga 1964 zuwa 1966, sau uku ana zaɓensa cikin gwanayen ƙasa. A 1965 Mike Garrett na Jami'ar Kudancin California ya zama baƙar fata na biyu da ya karɓi Heisman. A 1979 aka shigar da sunan Davis zauren tunawa da gwarazan ƙwallon jami'o'i, a 2005 kuma Syracuse ta jingine lamba 44, kamar yadda Cleveland ta jingine 45 tun shekarar da ya rasu.